Jan Tabo a Idon 'Yar Fari

Katuru, bayan Babbar Sallah, 2000

Zuwa ga Yaya Mardiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya aikin asibiti, ya zafin Ƙaura? Mu nan sai godiya. Na dawo ɗakina bayan arba'in, Malam kuma ya koma makarantarsa ta Zurmi, sai ƙarshen wata yake leƙo mu.

Yaya, wata magana ce ta hana ni sukuni, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke. Maganar yarinyar nan ce. Kin san wadda nake nufi, kada ki sa ni rubuta sunan.

Ranar suna kin juya ta kin duba har tafin ƙafa, babu komai a jikinta. Bayan kin tafi ne wani ɗan jan ɗigo ya fito mata a fatar idon hagu ta sama, kamar cizon sauro. Umma ta ce tawadar Allah ce, a ƙyale. To ɗigon bai tsaya ba. Yanzu ya kai ƙwayar gujiya, ya taso, ja wur. Ba ya yi mata zafi, don na taɓa ba ta yi kuka ba. Amma nauyinsa ya fara danne fatar, idon hagun ba ya buɗewa kamar na dama.

Kin san 'yar fari ce, kuma gidan nan ba irin namu ba ne da Baba ya sakar mana baki. Nan uwa ba ta ɗaukar ɗan fari a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar yadda ya kwana. Inna, mahaifiyar Malam, ita ke goyo, ita ke wanka, ita ke rarrashi. Ni nawa nono ne kawai: a miƙo mini ita, in juya fuska bango, in ta ƙoshi a karɓe. Matan gidan har yabona suke, wai ba su taɓa ganin mai alkunya irina ba. Da sun san Inna na shiga alwala nake rugawa in leƙa idon nan, da sun janye yabonsu.

Kada ki ɗauka Inna ba ta damu ba. Wallahi tana son yarinyar kamar ranta, tun asuba take yi mata waƙa. Ita a ganinta mataccen jini ne ya taru, tana jira ya nuna ta kira Tsoho wanzami ya yi sakiya ya fitar da shi. Tsoho shi ya yi wa duk yaran gidan nan askin suna, kowa ya yarda da hannunsa. Ni dai ba na son aska ta zo kusa da idon nan.

Ke da kike ganin jarirai kullum, mene ne wannan? Ki ba Labbo direba amsa, shi da ke kai albasa Kasuwar Daji, yana biyowa ta ƙofar gidanmu. A gaida yara.

Ƙanwarki,
Nazifa

*

Ƙauran Namoda, Afrilu 2000

Nazifa sarauniyar kunya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, in ban da sanƙarau da ya cika mana ɗakuna, har an hana kowa hutu. Ba don haka ba da ni za ki gani a ƙofarku, ba takarda ba.

Na karanta wa likitanmu yadda kika kwatanta abin, ban kai ƙarshe ba ya gyaɗa kai. Ya ce sai an gani da ido kafin a rantse, amma duk alamu sun nuna himanjiyoma ce. Karanta a hankali, ba cizo take ba. Ni ma muna makarantar ungozoma sai da na ciji harshe kafin ta zauna mini a baki.

Ga abin da take. Ƙananan jijiyoyin jini ne suka harɗe wuri guda a ƙarƙashin fata, kamar zaren saƙar da yaro ya yi wasa da shi. Ba ƙurji ba ne, babu mugunya a ciki, jinin kuma ba matacce ba ne, gudu yake kamar na sauran jiki. Ki ɗan danna da yatsa a hankali: za ki ga wurin ya yi fari, kina ɗagawa ya sake cika ya yi ja. Kuma ba kowane jan tabo muke kira da sunan nan ba. Akwai wanda ake haihuwar yaro da shi a shimfiɗe, ba ya tasowa, ba ya tafiya har tsufa, wannan sunansa daban. Wanda ke fitowa bayan haihuwa, ya taso, ya yi ta girma a watannin farko, shi ne irin na 'yarki.

I, 'yarki na ce. Zulai. Zulai. Na rubuta miki shi tunda ke ba ki iyawa.

Abin daɗin shi ne yawanci da kanta take tafiya. Ta gama girmanta, ta kwanta, ta koɗe, kafin yarinya ta shiga makaranta sai an nuna maka wurin. Da a baya take ko a cinya, da na ce ki manta da ita ki ci tuwonki.

Amma abu biyu, ki buɗe kunne. Na farko, kada aska ta taɓa ta. In aka tsaga, jini ne zai yi ta zuba, jaririya kuwa nawa jininta yake? Na biyu, ido koyon gani yake yi, yadda ƙafa ke koyon tafiya. Idon da ya zauna a rufe yana jariri, ko daga baya an buɗe shi ba lallai ya gani ba. Akwai maganin da ke sa kumburin ya sauka, kuma likitan ido yana zuwa mana daga Gusau duk wata. Ku kawo ta, kada ku jira.

Ki faɗa wa mijinki Zubairu. Ki faɗa wa Inna Turai, ai ba dodo ba ce. Ke da kike yi wa Baba gardama kan lissafi har ya rasa ta cewa, yanzu an ce bakinki ya mutu?

Ki sumbatar mini Zulai, ko a bayan rumbu ne.

Yayarki,
Mardiyya

*

Katuru, Mayu 2000

Yaya,

Salamu alaikum. Na ga takardarki, Allah ya saka da alheri, ya ɗauke muku wannan ciwo da ke gari. Na danna kamar yadda kika ce. Ya yi fari, ya dawo ja. Na zauna a ƙasa na yi kuka, rabi don na san sunan abin, rabi don na san abin da zai iya yi.

Malam ya zo ƙarshen wata, na ba shi takardarki ya karanta. Ya haddace kalmar tsaf, har yana gyara mini faɗinta, kin san malamin makaranta. Ya ce in bar masa. Da hantsi ya je ya durƙusa gaban Inna, yarinyar na kwance a cinyarta, ni kuma ina tankaɗe a bakin madafi, kunnena na wurinsu. Ya gaishe ta. Ya sake gaishe ta. Sai na ji ya ce jinkar ɗakinta tana son gyara kafin ruwa ya sauka. Yaya, zancen jinka suka yi har rana ta take. Ya fito yana share zufa, ya kasa haɗa ido da ni. Ban ga laifinsa ba, shi ma 'yar farinsa ce, kuma gaban wadda ta haife shi. Amma na ji haushi, ba zan ɓoye miki ba.

Ni ma na gwada. Na kai wa Inna fura, na durƙusa, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne ko a ƙara nono. Kin ce ba dodo ba ce. Ai da dodo ce da ya fi mini sauƙi. Kirkinta ne ke ɗaure ni. Matar da ke ce wa baƙi ta yi dacen suruka, yaya zan tsaya gabanta in nuna mata na fi ta sanin abin da ya dace da jikarta?

Na yi tunanin in ɗauke ta in taho ba sallama. To tun da aka ƙaddamar da Shari'a 'yan kabu-kabu sun daina ɗaukar mata, motar Labbo kuma a ƙofar gida take tsayawa kowa na gani. Ko da hanya ma, sata ke nan, kuma Inna ba ta cancanci haka daga gare ni ba. Don Allah kada ki rubuto mata. Za a ce na kai ƙarar gidan mijina wurin danginmu.

Idon yanzu saura ɗan tsagi. In tana shan nono da na dama kaɗai take kallona, ni da aka ce in kalli bango. Kalmar nan taki ita nake ta maimaitawa ina daka, ina wanki, ta zama mini kamar abokiyar hira, don ita kaɗai ce abin da ya shafi yarinyar da bakina ke iya furtawa.

Tsoho ya zo ya duba. Ya ce ya kusa nuna, zai dawo Juma'ar da ke bayan kasuwar Shinkafi ta sama. Ki yi mini addu'a.

Nazifa

*

Ƙauran Namoda, Mayu 2000

Nazifa,

Salamu alaikum. A tsaye nake rubutun nan, Labbo na yi mini oda a bakin asibiti.

Na nemi a sake ni ko yini guda, an hana, mu biyu muka rage a ɗakin yara. Na so in rubuta wa Inna Turai duk da roƙonki, na ɗauki biro na ajiye, don aurenki ne, ke za ki zauna a cikinsa bayan na gama jarumtata.

Ba zan yi miki tsiya yau ba. Na san ba wauta ce ke damunki ba, tarbiyya ce, kuma ina alfahari da ke. Amma ki ji ni, ƙanwata. Matan da ke yabonki za su yaba su wuce. Zulai ita za ta zauna da idon nan har ta tsufa. Wata rana za ta tambaye ki ina kike ranar, kuma ba za ki so ki ce mata kina madafi ba.

Ban san yadda za ki yi ba. Na dai san a duk gidan nan ke kaɗai kika san abin da ke cikin tabon. Allah ya buɗe miki baki.

Yayarki da ke sonki,
Mardiyya

*

Daga Turai ta Katuru, da hannun Liman
Zuwa ga Mardiyya, yayar matar ɗana

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ɗiyata, ina gajiya, ina aiki? Allah shi ba ku ladar jinyar bayinai. Ki gaida maigidanki da ɗiyanki.

Ran Juma'a da hantsi Tsoho yaz zo da zabira tai. Anka shimhiɗa tabarma gindin darbejiya, na aza Zulai bisa cinyata na riƙe kanta, matan gida sunka kewaye mu. Ƙanwarki tana madahi, inda ya kamata uwar ɗiyar hwari ta kasance. Tsoho ya hiddo aska yana wasawa, sai ga ta ta hito, hannu duk gari. Ta durƙusa can nesa, ta ba yarinya baya, ta dubi ƙasa. Tac ce, “Inna, ina da magana kan himanjiyoma.” Nic ce, “Wa ke nan?” Tac ce, “Abin da ke bisa idon nan, sunanta ke nan wurin likitoci.”

Ɗiyata, yarinyar ga da ban taɓa jin ta haɗa magana biyu gabana ba, ranar ta yi muna karatu. Himanjiyoma ba ƙurji ta ba. Himanjiyoma jini na mai rai. Himanjiyoma ba ta son aska, in an tsaga ta ba ta tsayawa. In an bar ta ta ruhe ido, ido bai koyon gani. Ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe. Ko sau guda ba ta ce ɗiyata ba, ko sau guda ba ta waiwaya ba. Sai dai gaban rigarta duk ya jiƙe, nono na zuba, ita ba ta ko sani ba.

Hindu, matar ƙanen mijina, ta kama baki tac ce yau mun ga rashin kunya. Nic ce mata, “Wa kinka ji ta ambata? Cuta taka magana a kai. Yaushe anka hana mace kiran sunan cuta?”

Tsoho mutumin kirki na. Ya ji ta ce a danna a gani, ya sa babban yatsa ya danna, wuri yay yi hwari, ya ɗaga, yay yi ja. Ya daɗe yana kallo. Yac ce ƙurji bai yin haka, kuma abin da likita ya raɗa ma suna a kai mai abinai. Don kar zuwanai shi zama banza ya aske ma Zulai kai, munka ba shi hura ya sha yat tahi.

Yanzu ke, ina da hushi da ke kaɗan. Kin san wagga magana kinka bar ni cikin duhu? Kun aza ban gani ba? Idon ga ni ka wanke shi kullum, ina ganin shina ruhewa, tuwo ya daina wuce min. Amma wa zan tambaya? In tambayi uwa kan ɗiyarta ta hwari, in kunyata ta gaban mutane? Ni da kaina, ɗana na hwari ya yi hurhura ban taɓa kiran sunanai ba. In tambayi uban? Shi da yaz zo yay yi ta yi min zancen jinka. Na san abin da ke bakinai, ya san na sani, munka yi ta zancen jinka. Na kira Tsoho don shi kaɗai ni san a kira.

Muna tahe ranar da likitan idonku ka zuwa, ki aiko muna da ranar. Za mu shiga motar Labbo, baya wajen mata. Na hwaɗa ma mutane ni za ni kai jikata asibiti, uwar kuwa dole ta biyo, tunda nono bai tahiya shi kaɗai.

Allah shi yi miki albarka. Wassalam.

*

Ƙauran Namoda, Yuni 2000

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da girmamawa, ina fatan kun isa gida lafiya, ya gajiyar hanya? Fushin da kika yi da ni na karɓa, ki yafe mini. Daddawar da kika kawo kuwa maigida ya hana a ba maƙwabta.

Ina roƙon Malam Liman ya karanta miki wannan a hankali. Maganin a ba ta kullum da safe bayan ta sha nono, kuma kada a tsayar da shi don an ga sauƙi, likita ne zai rage shi da kansa in kun dawo. In ta yi ƙiba a kumatu kada ku tsorata, aikin maganin ne.

Inna, ke babba ce, ba zan rufe miki ba. Likita ya ce kumburin zai sauka in Allah ya so. Abin da bai sani ba shi ne ko idon zai gani, don ya daɗe a rufe. In fatar ta ɗaga, a riƙa rufe mata idon dama da filastar da na ba ku na ɗan lokaci kowace rana, don na hagun ya yi aiki. Sai a gilma mata wani abu a gabanta, a ga ko idon zai bi shi. In ya bi, mun tsira.

Duk abin da kuka gani, mai daɗi ko marar daɗi, a sanar da ni. A gaida Nazifa da mutanen gida.

'Yarki,
Mardiyya

*

Daga Turai ta Katuru, da hannun Liman

Assalamu alaikum, ɗiyata. Muna lahiya, ruwa ya sauka, gero ya tashi.

Kumburi ya kwanta, ido ya buɗe. Na ruhe na dama kamar yadda kinka ce. Na gilma mata ludayi, ba ta bi ba. Na gilma goro, ba ta bi ba. Liman ya kaɗa tasbaha tai, Hindu ta kamo ɗan tsako, ido na tsaye wuri guda. Nic ce mun makara.

Sai uwar ta hito ɗaki da tulu za ta rijiya, kai sunkuye kamar kullum, ta ratsa tsakar gida. Idon ga ya ɗauke ta tun daga ƙohwar ɗaki har zaure. Nic ce ta dawo. Ta dawo, ido ya dawo da ita. Nic ce ta koma. Ranar dai ba a ɗebo ruwa gidan ga ba.

Yanzu kullum da hantsi aikinta ke nan, ta zo ta tsaya gaban ɗiyarta, ta yi dama ta yi hagu, su dubi juna kowa na gani. Na hwaɗa ma mutanen gida umurnin likita na, kuma sai uwa, ba a wakilci. In an tambaye ki, haka za ki ce.

Allah shi bar zumunci. Wassalam.